Dariyar Cikin Gida: Aure da Addini a Wasannin Barkwancin Yahudawan Amurka

A shekarar 1989 wani gidan wasan kwaikwayo na birnin Chicago, Victory Gardens, ya ɗora wani wasan barkwanci a dandamali mai suna Beau Jest, wanda James Sherman ya rubuta. Labarin wata malamar makaranta ce, Sarah Goldman, 'yar gidan Yahudawa, da ke son wani saurayi wanda ba addininsu ɗaya ba. Ta san iyayenta ba za su so ba, don haka ta ce musu sun rabu, ta kuma ƙago musu wani sabon saurayin da babu shi a duniya: likita ne, Bayahude ne, sunansa David Steinberg. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ranar da iyayen suka matsa sai sun ga surukin nasu, sai ta yi hayar wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Bob ya zo ya zauna a matsayin likitan. Sai da ya iso, baƙi na kan hanya, sannan ta gane shi ma ba Bayahude ba ne, sunan zuriyarsa ne ya yaudare ta. Ɗan abin da ya sani na addinin a wasannin da ya taɓa fitowa ya tsince shi. Da wannan ɗan guzurin ya zauna cin abinci da iyayenta, har ta kai shi ga zama da su a daren Idin Ƙetarewa, daren da Yahudawa ke taruwa gida-gida suna karanta labarin fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Masar.

'Yan kallo sun sha dariya. Wasan ya koma New York a 1991 ya daɗe ana nuna shi, har yau kuma ƙananan ƙungiyoyin wasa a Amurka suna ɗaukarsa, domin 'yan wasa kaɗan yake buƙata da falo guda. Amma in ka cire dariyar ka duba abin da ya rage, za ka ga yarinya ce da ke ƙaunar iyayenta har ta gwammace ta biya baƙo kuɗi da ta ga fuskarsu ta canza. Iyayen ma ba su taɓa zaunar da ita sun ce a'a da babbar murya ba. Ta riga ta san amsar tun tana ƙarama, ta shaƙe ta a iskar gidan.

Na san da yawa daga cikin masu karatu da zarar sun ji an ce Yahudawa, Gaza ce ke fara faɗo musu a rai, kuma zafin da suke ji na gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Sai dai wasannin da nake son magana a kansu, galibinsu labarin gidaje ne a Brooklyn da Atlanta da ƙauyukan tsohuwar daular Rasha, wasu ma tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Mutanen cikinsu mai nono ne da tela da mai sayar da katifa, da uwa mai fargabar 'yarta za ta rasa miji. Ina kuma ganin mai karatun da ya tashi a gidan da addini ke da iko a kan aure ya fi wasu masu sharhi na New York damar fahimtar su, domin ya san cewa uban da ya ƙi wani surukin ba lallai ne mugu ko jahili ba.

Abin da nake son in tsaya a kai ke nan. Wasan barkwanci irin wannan yana da hanya mai sauƙi ta samun tafi: ya mai da addinin iyaye wani abu na tsofaffi, kayan abinci da karin harshe da camfi, yadda in an zo ƙarshe kowa zai ga ashe ba wani abu ne ya raba su ba, a rungumi juna a tashi. Wasan da ya bi wannan hanyar ya yi wa 'yan kallo ƙarya, ya kuma ci amanar gidan da yake kwaikwayo. Wanda ya cancanci a daɗe ana kallonsa shi ne wanda ya bar wa uban hujjarsa da nauyinta, ya bar wa 'yar ciwonta da nauyinsa, sannan duk da haka ya samo abin dariya a tsakaninsu.

Al'adar tana da tushe mai nisa. Yahudawan Turai sun daɗe suna da wasan da ake yi a bikin Purim, bikin tunawa da labarin Esta da kuɓutar Yahudawa a daular Farisa. Samari da talakawa su yi shigar ban dariya, su bi gida-gida suna wasa, suna tsokanar manya har da malamai, a ba su ɗan abin hasafi. Duk wanda ya san tashe a watan azumi ya san irin wannan lasisin: lokaci ne na ibada, amma a cikinsa aka buɗe wa raha ƙofa, kuma mai tsokanar ɗan gida ne, gobe da shi za a yi salla. A 1876 Abraham Goldfaden ya kafa ƙungiyar da ake ɗauka a matsayin ta farko ta ƙwararrun 'yan wasa da harshen Yidish, a garin Iasi na ƙasar Romaniya. Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da hare-haren da ake kai wa unguwanninsu. Suka tafi da wasansu. Titin Second Avenue na New York ya cika da gidajen wasa na Yidish, inda mai ɗinki da ya wuni a kan keke zai je da dare ya ga an kwaikwayi surukarsa, ya yi dariya har da hawaye.

Muddin da Yidish ake wasan, magana ce ta cikin ɗaki. Da 'ya'yan baƙin hauren suka koma rubutu da Turanci, sai maƙwabci ya shigo ya zauna a sahun gaba. Daga nan wasan ya ɗauki aiki biyu. Yana tambayar ko gida zai karɓi ɗansa da ya kauce, yana kuma roƙon ƙasar ta karɓi gidan gaba ɗaya. Waɗannan ayyuka biyu ba sa tafiya tare cikin sauƙi. In kana son maƙwabci ya saki jiki da kai, za ka so ka nuna masa cewa bambancinku ƙarami ne. In kuwa bambancin ƙarami ne, to kukan da uba ke yi a kan auren 'yarsa ya zama shirme.

Ba wasan da ya nuna wannan tarkon kamar Abie's Irish Rose, wanda Anne Nichols ta rubuta, ita kuma ba Bayahudiya ba ce. An fara shi a Broadway a 1922, aka yi ta nunawa har 1927, sau 2,327, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin, duk da cewa masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. Saurayi Bayahude, Abie Levy, ya auri Rosemary Murphy, 'yar Katolika mai asali daga Ailan, ya kawo ta gida da sunan ƙarya don mahaifinsa ya zaci tasu ce. Kafin a gama, an ɗaura musu aure sau uku a hannun malaman addini uku. Iyayen maza biyu suka yi ta hayaniya, sai da aka haifi tagwaye, aka raba sunaye tsakanin dangi biyu, sannan kakanni suka huce. Ba zan raina abin da wasan ya yi a zamaninsa ba. A tsakiyar shekarun da ake nuna shi, a 1924, majalisar Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofa ga baƙi daga gabashi da kudancin Turai, ƙungiyar Ku Klux Klan kuma tana kan ganiyarta, tana ƙin Katolika da Yahudawa da baƙar fata. A irin wannan yanayi, a cika zaure da mutane suna tafa wa auren Bayahude da 'yar Katolika ba ƙaramin abu ba ne. Amma dubi farashin. Iyayen biyu an mai da su 'yan tsana masu karin harshe, ba wanda aka bar shi ya faɗi dalili guda mai ma'ana. Tambayar da kowane mai addini zai yi, wato a wane tafarki za a tashi yaran nan, an amsa ta da dabara: tunda biyu ne, kowa ya ɗauki ɗaya. Rayuwa ba ta cika haifar wa mutane tagwaye don ta raba musu gardama ba. Shekara 50 bayan fara wasan, a 1972, gidan talabijin na CBS ya sake gwada irin wannan labarin a shirin Bridget Loves Bernie. Shirin ya samu masu kallo sosai, amma aka dakatar da shi bayan zango ɗaya, a cikin ƙorafin malaman Yahudawa da ƙungiyoyinsu waɗanda suka ga an mai da damuwarsu abin wasa.

Sai a kwatanta da Tevye mai nono. Marubucin Yidish Sholem Aleichem, wanda ya rasu a New York a 1916, ya fara rubuta labaran Tevye a 1894, kuma daga cikinsu aka gina wasan waƙa na Fiddler on the Roof, wanda aka buɗe a Broadway a watan Satumba na 1964, Zero Mostel na fitowa a matsayin Tevye. Joseph Stein ya tsara labarin, Jerry Bock ya yi kiɗa, Sheldon Harnick ya rubuta waƙoƙi, Jerome Robbins ya ba da umarni. An nuna shi sau 3,242 a zangon farko, aka mai da shi fim a 1971. Tevye talaka ne a ƙauyen Anatevka a shekarar 1905, yana da 'ya'ya mata biyar, yana hira da Ubangijinsa a kan hanya kamar mai kai ƙara wurin wanda ya yarda da shi, yana jawo nassi yana kuskurewa. Mutum ne mai ban dariya ƙwarai, amma ba a taɓa yin dariyar don a nuna imaninsa wauta ne ba. Imanin ne ma ke ba shi bakin yin raha da talaucinsa.

Ginin wasan hawa uku ne, kowane ya fi na baya tsawo. Babbar 'yar, Tzeitel, ta ƙi attajirin mahauci da uban ya riga ya yi wa alkawari, ta ce sai Motel, tela matalauci. Tevye ya auna, ya sauko, har ya ƙago mafarkin ƙarya don ya shawo kan matarsa Golde, kuma wannan na cikin wuraren da aka fi dariya. Ta biyu, Hodel, ta zaɓi Perchik, ɗalibi mai ra'ayin juyin juya hali, ba su ma nemi izini ba, albarka kawai suka nema, daga baya ta bi shi Saiberiya inda aka kai shi ɗauri. Nan ma ya auna, ya sauko. Ta uku, Chava, ta auri Fyedka, Kirista ɗan Rasha, a hannun limamin coci. Tevye ya fara aunawa kamar yadda ya saba, sai ya tarar wannan karon ba abin da zai ɗora a ɗaya gefen sikelin. Ya ce wa iyalinsa su ɗauka ta mutu.

A nan dariya ke ɗaukewa a zauren, kuma daidai ne ta ɗauke. Biyun farko al'ada suka taɓa: wa ke zaɓar miji, wa ake tambaya. Ta ukun ta taɓa abin da Tevye ya yi imani ba nasa ba ne balle ya yafe. A shari'ar Yahudawa ta gargajiya aure tsakanin Bayahude da wanda ba Bayahude ba ba ya ƙulluwa, kuma a Rasha ta lokacin ba auren kotu, don haka Chava sai ta shiga coci kafin a ɗaura. Ga kuma mutanen da ta shiga cikinsu, daga cikinsu ne waɗanda suka tarwatsa bikin yayarta suka fito. Musulmi mai karatu ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda a tamu shari'ar ma an yarda namiji ya auri mace daga Ahlul Kitabi amma ba a yarda Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba, kuma ya san uban da ke tsaye a kan irin wannan iyaka ba ƙiyayya ce ke tsayar da shi ba. Abin da wasan ya yi na gwaninta shi ne bai tilasta wa ɗan kallo ya zaɓi gefe ba. Fyedka mutumin kirki ne. Chava ba 'yar iska ba ce, mai son karatu ce da aka ba ta littafi. A ƙarshe, da aka kori Yahudawan ƙauyen duka, ta zo sallama, ta ce ita da mijinta ma ba za su zauna cikin masu wannan aikin ba. Uban bai dube ta ba. Ya dai furta gajeriyar addu'a ƙasa-ƙasa, babbar 'yar ta isar mata. Bai janye hukuncinsa ba, bai kuma iya kashe ƙaunarsa ba, kuma wasan bai yi kamar ɗayansu ya ci ɗaya ba.

Masana adabin Yidish irin su Irving Howe sun soki wasan tun a 1964 cewa ya zuba wa labaran Sholem Aleichem sukari, kuma suna da gaskiya ta wani fanni: a littafin Motel ya mutu da ƙuruciya, Golde ta mutu, wata 'yar ta faɗa ruwa ta halaka. Broadway ta share duk wannan. Amma wurin da ya fi wuyar bari, ta bar shi yadda yake. Shi ya sa wasan ya yi tafiya har Japan a 1967, inda, kamar yadda Joseph Stein ya sha ba da labari, wani daga masu shirya shi a can ya yi mamakin yadda Amurkawa ke gane wasan da shi yake gani na Japanawa ne tsantsa.

Wasan da na fi so a wannan layi bai kai waɗannan suna ba, kuma ba auren bare ne a cikinsa ba. The Last Night of Ballyhoo ne, na Alfred Uhry, wanda ya rubuta Driving Miss Daisy. An fara nuna shi a Atlanta a 1996 cikin shagulgulan wasannin Olamfik, ya je Broadway a 1997 ya ci kyautar Tony ta wasan da ya fi kowane. Labarin yana faruwa a Atlanta a watan Disamba na 1939. Hitila ya shiga Polan tun watan Satumba, amma a gidan Adolph Freitag, mai kamfanin katifa, abin da ake magana a kai biyu ne: bikin fara nuna fim ɗin Gone with the Wind da aka yi a garin a watan, da kuma wa zai raka Lala, 'yar 'yar'uwarsa, rawar Ballyhoo, taron shekara-shekara na 'ya'yan manyan Yahudawan kudancin Amurka. Labule na buɗewa, bishiyar Kirsimeti ce tsaye a falon. Gardamar farko a gidan ita ce ko ya dace a sa mata tauraro a ƙoli, uwar Lala, Boo, tana ganin tauraron ne kawai zai sa abin ya zama na Kirista. Mutane suna dariya, amma dariya ce mai ciwo, domin gidan ya sayar da kusan komai don a karɓe shi, ya riƙe ɗan wannan layin siriri yana kiransa addini.

Kuma duk da haka ba a karɓe su ba. Sunny, ɗaya 'yar gidan, mai karatu a kwalejin Wellesley, tana tuna ranar da aka kira sunanta a gaban yara aka fitar da ita daga wurin ninkaya na wani kulob saboda Bayahudiya ce. Uhry ɗan Atlanta ne, ya san abin da ke ƙarƙashin wannan tsoron. A 1913 aka yanke wa Leo Frank, Bayahude mai kula da wata masana'antar fensir a garin, hukuncin kisa bisa zargin kashe wata yarinya ma'aikaciya, Mary Phagan, a shari'ar da ta gudana cikin hayaniyar jama'a. Gwamna John Slaton ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai a 1915, sai wasu mutane suka sato shi daga kurkuku suka rataye shi a Marietta. Yahudawan Atlanta suka ɗauki darasi ɗaya daga wannan: a yi shiru, a yi kama da kowa, kada a ja ido. Bishiyar falon Freitag jikar wannan tsoron ce.

Sai ga Joe Farkas, saurayi daga Brooklyn da Adolph ya ɗauka aiki. Iyayensa daga gabashin Turai suke, ya san addu'o'insa, yana da dangi a can inda yaƙi ke ci. Ya shigo gidan ya rasa gane ko gidan Yahudawa ne. Su kuma, musamman Boo, suna kallonsa a matsayin ɗaya irin, wato ba irinsu ba, domin su zuriyar Yahudawan Jamus ne da suka riga zuwa suka yi arziki, shi kuwa na baya-bayan nan ne masu hayaniya da ke sa a tuna da bambanci. Har kalmar zagin da Turawa ke jifan Yahudawa da ita ta fito daga bakin Boo a kansa. Joe ya raka Sunny rawar a kulob ɗin Standard, a can wani saurayi mai rawar kai, Peachy Weil, ya sanar da shi cikin wasa cewa kulob ɗin na Yahudawan Jamus ne, irinsa suna da nasu daban. Joe ya fice ya bar ta.

Wannan ne ya sa nake ganin Uhry ya fi sauran zurfi. Ya gane cewa wanda aka wulaƙanta a ƙofar wani yakan koma gida ya gina tasa ƙofar, ya sa mai gadi, ya nemi wanda zai hana shiga. Mutanen da aka fitar da 'yarsu daga ruwa su ne ke da kulob ɗin da ke tace 'yan'uwansu. Bai kuma mai da Boo dodo ba. Bazawara ce mai kaifin kai da ba a ba ta gurbi a kasuwancin gidan ba, tana kallon 'yarta da aka ƙi a ƙungiyar 'yan mata ta jami'a ta dawo gida ta zauna, tana tsoron kada yarinyar ta ƙare ba kowa. Muguntarta daga tsoro ta fito, kuma ɗan kallo yana dariyar kaifin bakinta yana jin tausayinta a lokaci guda. Joe ma ba a bar shi fari tas ba. Yana da saurin yanke hukunci, yana auna Yahudancin mutane da abin da suka haddace, har sai da Sunny ta nuna masa cewa rashin sani ba ƙin kai ba ne, ba a koya mata ba ne. Inda nake da ja da Uhry shi ne rufewar. Bayan sun shirya a jirgin ƙasa, sai aka nuna iyalin duka a teburi daren Asabar, Sunny na kunna kyandir tana addu'a da Ibrananci. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin mafarkinta, kuma in mafarki ne na yarda. In kuwa ana nufin haka ta faru, to an yi sauri, domin gidan da ya yi shekaru yana gudun kansa ba ya dawowa a mako guda saboda saurayi ɗaya.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara, wanda Yahudawa da kansu suka daɗe suna yi. Uwar da ke cikin irin waɗannan wasanni kusan kullum ɗaya ce: mai tura abinci, mai sa wa 'ya'ya jin laifi, mai burin suruki likita. Uban kuma mai ƙorafi ne, kamar mahaifin Sarah a Beau Jest da ba ya shigowa sai da kukan wahalar samun wurin ajiye mota. Ɗan gida in ya ga wannan, mahaifiyarsa yake tunawa, ya san sauran halayenta dubu da ba a nuna ba. Baƙon da bai taɓa zama da Bayahude ba kuwa, abin da ya gani shi ke nan ya sani. Tsokanar da ke da daɗi a cikin ɗaki takan zama makami in ta fita waje, kuma mutanen da aka yi ƙarnoni ana zana su da mummunar siffa a Turai suna da dalilin yin hattara. Ban ga maganin wannan a hana dariya ba. Maganin yana hannun marubuci: ya ba uwar wani lokaci guda da za ta yi magana ba don a yi dariya ba. Neil Simon ya yi haka a Brighton Beach Memoirs na 1983, labarin wani gida a Brooklyn a 1937 da ya cika da dangi da ƙarancin kuɗi. Uwar, Kate, tana da duk halayen da aka saba, har da ƙyamar maƙwabtansu 'yan Ailan, amma an bar ta ta fashe da 'yar'uwarta ta faɗi nauyin da ta ɗauka shekara da shekaru, daga nan ba ka ƙara kallonta a matsayin zane.

Yau ƙasar da waɗannan wasanni suka tsiro a kanta ta canza. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa cikin Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin, kusan kashi 61 cikin 100 sun auri wanda ba Bayahude ba, in aka cire masu tsananin riƙo da gargajiya kuma adadin ya kai kashi 72. Tun 1983 ɓangaren masu sassauci na Reform ya yarda a lissafa ɗan da mahaifinsa kaɗai ne Bayahude in an tashe shi a addinin, saɓanin tsohuwar ƙa'idar bin uwa. Abin da Tevye ya yi wa makoki ya zama ruwan dare. Ana iya zaton wasan ya ƙare ke nan, tunda ba uban da za a ɓoye wa saurayi.

Bai ƙare ba, ya sauka ne zuwa ga jikoki. A 2012 Joshua Harmon ya fito da Bad Jews a New York, kuma a cikinsa ba uba ba uwa a dandamali. Jikoki uku ne a ɗaki ɗaya daren da aka binne kakansu, wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi. Ya bar wata 'yar sarƙar zinariya mai ɗauke da kalmar rai da Ibrananci, wadda ya ɓoye a ƙarƙashin harshensa tsawon zamansa a sansanin. Daphna, mai zafin addini, tana ganin ita ta cancanta ta gada domin ita kaɗai ta damu da abin da sarƙar ke nufi. Ɗan'uwanta Liam, wanda bai ma samu jana'izar ba, yana son ya nemi auren budurwarsa Melody da ita, kamar yadda kakan ya nemi auren kakarsu da ita, Melody kuwa ba Bayahudiya ba ce. Zagin da suke wa juna ya fi duk abin da aka taɓa ji a gidan Tevye muni, mutane kuma suna dariya suna runtse ido. Harmon ya ba Daphna baki mai dafi, amma ya ba ta hujja mafi ƙarfi a wasan: abin da aka riƙe shekaru dubbai a cikin wuta, yanzu da aka samu lafiya da yalwa ne za a sake shi ya narke? Ya ba Liam tasa: wace irin ƙauna ce za ta fara da binciken jinin mutum, kuma ba irin wannan binciken ne ya kai kakan sansanin ba? Ba wanda ya rinjayi wani. Na ukunsu, Jonah, wanda ya wuni yana roƙon kada a sa shi a ciki, shi ne aka gano a ƙarshe ya sa an zana masa lambar sansanin kakan a hannunsa, abin da shari'ar Yahudawa ta gargajiya ma ba ta yarda da shi ba tunda ta hana zanen jiki.

Wasu sun ce wasan ya yi tsauri, sunansa ma ya sa wasu ɓacin rai. Ni ina ganin shi ne magajin Tevye na gaskiya, fiye da wasannin da suka fi shi taushi. Beau Jest yana da daɗin kallo, kuma ya faɗi gaskiya guda mai amfani, cewa Sarah ta raina iyayenta da ta yanke musu hukunci ba ta ba su damar magana ba. Amma da gaskiya ta fito, iyayen sun sauko da wuri, kamar dai abin da ta yi shekaru tana tsoro bai taɓa zama dutse ba. Harmon ya ƙi yin wannan rangwamen. Ya rufe wasansa sarƙar ta tafi da Liam da Melody, wuyan Melody da ciwon fizgar da Daphna ta yi mata, dangin kuma ba su shirya ba, ga sauran kwanakin zaman makoki suna jiransu da safe a gidan iyayensu.